Goggo, Wadda Aka Yanke wa Ƙafa Idonta Biyu

Ranar da Goggo ta rasu, kafin rana ta take, tsakar gidanmu na Muchia ya cika. 'Yan zumuntar mata na cocinmu ne suka fara zuwa, sanye da ankonsu, kuma da na dube su sai na ga kusan duk rigar da ke jikinsu ɗinkinta ce. Suka zauna a tabarmi suna waƙa ƙasa-ƙasa. Maƙwabciyarmu Bayarabiya, mai sayar da zare da maɓalli, ta shigo tana kuka da ƙarfi, tana cewa shekara talatin suna faɗa da Mama Tela, kamar yadda ake kiran Goggo, yanzu kuma da wa za ta yi. Limamin masallacin bakin layi ya tsaya daga ƙofa ya yi wa Babana gaisuwa, ya ce duk 'ya'yansa da rigar makarantar da ta ɗinka suka fara karatu. Babana, wanda shi ne ƙanenta, ya zauna a benci yana ta juya hularsa a hannu. Duk wanda ya ce masa “Ya haƙuri?” sai ya gyaɗa kai kawai.

Can wata tsohuwa daga cikin matan ta sauke ajiyar zuciya ta ce, “Ai ta huta. Yanzu tana can tana tafiya da ƙafafunta biyu.” Sauran suka amsa da amin. Ni kuwa na tashi na shige kicin, na tsaya gaban tukunyar da ba ni na ɗora ba, har sai da aka zo nemana.

Mutane da yawa za su tuna ta a matsayin tsohuwar nan mai ƙafa ɗaya da ke zama a baranda. Ba na son ta tsaya a haka. Akwai kuma abin da ya shiga tsakanina da ita wanda na kasa faɗa a gaban masu makoki, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Ina da shekara bakwai mahaifiyata ta rasu, Goggo ta zo ta ɗauke ni da ɗan ƙullin kayana. Ba ta taɓa haihuwa ba, kuma ban taɓa jin ta kira ni 'yar riƙo ba. Shagonta yana bayan masu sayar da yadi a unguwar PZ, ɗan ƙarami ne, mutum uku ba sa tsayawa a ciki. Da baki cike da fil take magana, amma ko kalma ɗaya ba ta ɓacewa, musamman in faɗa ne. Ba ta sa takalmi in za ta hau keken ɗinki. Ƙafar dama ce take takawa da ita, ta ce ta hagu malalaciya ce. Da aka fara sa wa kekuna injin lantarki, yayana ya sayo mata, ta sa aka mayar. “In wuta ta ɗauke, ƙafata ma ɗaukewa za ta yi?” in ji ta.

In aka kawo mata yadin makaranta, sai ta bar kalmasa mai faɗi a ƙasan riga, ko da uwar yaro ba ta ce ba. Takan ce, “Yaro ba ya tsayawa jiran yadi.” Bayan shekara a dawo mata da rigar ta saki kalmasar, ba ta karɓar ko sisi. Amma in ta ga ɗinki ya karkace, ko na ɗalibarta ne ko na wani telan da ba ta sani ba, sai ta ce a farke. Ni kaina sai da na farke siket ɗaya sau huɗu, ina kuka, tana cin gyaɗarta.

Akwai wata ɗabi'arta da na daɗe ban gane ba. Ba ta son ganin mutum yana barcin rana. In na kwanta bayan makaranta, sai in ji yatsanta a ƙarƙashin hancina, sa'an nan ta girgiza ni ta ce, “Ke, tashi haka.” Sai da na girma Babana ya ba ni labari. Mijinta yana da shekara talatin da 'yan kai aka shiga da shi aikin ƙaba a wani asibiti. Da ƙafarsa ya shiga, yana yi mata wasa cewa ta ajiye masa tuwo. Aka sa shi barci, bai farka ba. Goggo ba ta taɓa ambata mini wannan da bakinta ba. Abin da kawai na sani, ko maganin mura ba ta sha in an ce yana sa barci.

Ciwon suga ya daɗe a jikinta, kuma a hankali tafin ƙafarta ta dama ya daina jin komai. Fil ne ya shige ta a shago, ta yi kwanaki tana yawo da shi ba ta sani ba. Da wurin ya kumbura ta naɗe shi da ƙyallayen ɗinki ta ci gaba da aikinta. Ni a lokacin ina koyarwa a Samaru, sai ƙarshen mako nake leƙowa. Wata Asabar na shiga ɗakinta na ji wani wari da turare bai rufe ba. Na ce ta kwance ƙyallen, ta ce ba ruwana. Da na kwance da kaina, yatsu uku sun yi baƙi.

A asibiti aka yi ta wanki da allurai har kusan mako biyu, ruɓar tana ta hawa. Daga ƙarshe likitan fiɗa ya ce sai an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, in ba haka ba dafin zai shiga jini.

Goggo ta ce, “A'a.”

Na yi kuka, na yi roƙo, na kawo fasto. Ta saurare shi da ladabi har ya gama, sa'an nan ta ce, “Fasto, ba yankan nake tsoro ba. Ni ma yanka nake yi tun ba a haife ka ba. Barcin ne ba zan yi ba.” Babana ya ja ni gefe ya ce in ƙyale Yaya, ta san abin da take so. A gaban mutane na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce shi ba a hannunta ya tashi ba, shi ya sa yake da sauƙin ba da ita.

Washegari wata likita ta zo bakin gadon, matashiya ce siririya, mai sanyin murya. Ta ce ita ce mai kula da sa barci da kashe zafi a ɗakin tiyata. Ta daɗe tana karanta takardun Goggo, sa'an nan ta ja kujera ta zauna.

“Mama, ko kin yarda ma, ni ba zan so in sa ki barci ba. Zuciyarki ta gaji, ba za ta ɗauka ba. Allurar ƙashin baya kuma ba ta dace da ke ba, saboda maganin tsinka jini da kike sha. Amma akwai wata hanya.”

Ta ɗora yatsa a matsematsin Goggo, ta kuma nuna bayan cinya. Ta ce manyan jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙafa ta nan suke bi. Za ta nemo su da na'ura irin wadda ake duba masu juna biyu, ta zuba magani a kewayensu, ƙafar kaɗai ta mutu na wasu sa'o'i, sauran jiki yana nan yadda yake.

Goggo ta ce, “Idona biyu?”

“Idonki biyu, Mama. Ina zaune wajen kanki har a gama.”

Goggo ta ce za ta yi tunani. Da likitar ta fita na bi ta baranda. A nan ta ce mini, “Zafi ba za ta ji ba, in Allah ya yarda. Amma kunnenta yana nan. Za ta ji ƙarar kayan aiki, har da na yanke ƙashi, za ta ji ana jijjiga ta. Ke kika fi kusa da ita, ki fara shirya mata zuciya.”

Na ce to. Na koma ciki, Goggo ta kafe ni da ido ta ce, “Me ta ce miki?”

Na ce, “Ta ce ba za ki ji komai ba.”

Ban yi tuntuɓen harshe ba. Na san abin da na faɗa. Na ji tsoron in na ambaci ƙashi za ta fasa, ni kuwa ina son ta rayu. Ta dube ni har na sunkuyar da kai, sa'an nan ta ce a kawo takardar ta sa hannu.

Sharaɗi ɗaya ta kafa: a bar ta ta je gida na yini guda. Likitoci ba su so ba, amma suka ga in sun hana komai zai rushe. Na kai ta Muchia a Keke Napep, da robar ƙarin ruwa maƙale a bayan hannunta. Ta sa na buɗe akwatinta na ciro farin yadi. Ta miƙo mini tef ta ce, “Auna. Daga ƙasan gwiwa zuwa diddige, sa'an nan tsawon tafin.” Na auna, tana gyara mini riƙon tef ɗin. Ta yanka yadin, ta sa na kama ta ta hau keken da ke ɗakinta, ta ɗora ƙafar nan mai bandeji ta fara takawa. Ruwan ciwon yana ɓullowa ta bandejin, ita ba ta ji. Jaka ta ɗinka, doguwa, mai zariya a baki. Ta juya ta ta duba ɗinkin, ta ciji zaren, ta ninke ta miƙo mini.

“Ba za a sa ta a baƙar leda ba,” in ji ta. “Ta yi mini aiki.”

Da safe aka shiga da ita. Ni da Babana muka zauna a benci ɗaya, ba mai yi wa wani magana. Bayan wajen sa'a biyu aka turo ta, idonta a buɗe tar, tana kallon silin. Abin da ta fara cewa shi ne a nemo mata koko. Matan coci da suka zo suka ɗaga hannu suna yabon Ubangiji. Wata ma'aikaciyar jinya ta kira ni gefe ta miƙo mini farar jakar, an ɗaure zariyar. Ban zaci za ta yi nauyi haka ba. A cinyata na riƙe ta har makabartar coci, inda Babana da yayana suka haƙa rami a gefen katanga.

Aiki ya yi kyau, kowa ya faɗa. Zafi bai taso mata ba sai washegari, shi ma aka tare shi da magani. Da aka buɗe bandeji karon farko ta ce a ba ta madubi, ta duba dungun da kyau, ta ce wa likitan fiɗa, “Ɗana, da ɗalibina ne kai, da ka farke wannan.” Duk ɗakin aka yi dariya. Tana hira da ma'aikata, tana hira da maƙwabtan gado, tana tsokanar Babana. Ni ce kawai ba ta yi wa magana. In na ba ta abinci ta karɓa, in na gaishe ta ta amsa da ka. Haka muka yi har aka sallame ta, na kai ta gidana a Samaru.

Wata ranar Laraba da la'asar, ina tsince shinkafa a baranda tana zaune a keken guragu, sai ta fara magana ba tare da ta dube ni ba.

Ta ce da likitar ta sa allurar a bayan cinya, akwai wata 'yar wutar lantarki da take bi ta cikin allurar don a tabbatar an kai ga jijiyar. Sai ƙafar ta fara motsi da kanta, sama, ƙasa, sama, ƙasa. “Kamar tana kan keke. Ni ban sa ta ba. Ina kallo tana takawa, likitar ta ce yauwa, ta danna maganin, sai ta tsaya. Daga nan ban ƙara ganin ta motsa ba.”

Ta ce sun kafa koren ƙyalle a ƙirjinta don kada ta gani. Likitar ta tambaye ta ko a ba ta ɗan abin da zai sa ta gyangyaɗi, ta ce ko ɗigo. Sai likitar ta riƙe mata hannu tana tambayarta yadda ake yanka wuyan riga. Tana cikin bayani ta ji ƙauri, irin na babbakar kan akuya, ta gane nata ne. Daga baya aka fara jan wani abu gaba da baya, gadon yana motsi, ƙarar tana bi ta ƙashinta har cikin haƙoranta. Likitar ta fara rera waƙar coci a kunnenta, ita ma ta kama, amma ƙarar ta fi waƙar. Sai ƙarar ta tsaya. Sai ta ji an ajiye wani abu a cikin tasa.

“Kin san ƙarar da doya take yi in an sauke ta a daro?” in ji ta. “Haka.”

Shinkafar ta zube daga hannuna. Sai a lokacin ta juyo.

“Kin ce ba zan ji komai ba. Na ji komai.”

Ban ce mata na sani ba. Na ce, “Ki yi haƙuri, Goggo,” kamar wadda ita ma aka ruɗa. Ta juya kai ta ci gaba da kallon titi. Daga ranar ta koma yi mini magana, amma wani abu ya rage a tsakaninmu, kamar tsakuwa a cikin tuwo.

Shekara biyu da rabi ta yi bayan haka. An yi mata ƙafar roba, ta sa sau uku ta rataye ta a ƙusa. Ta ce sai ta koma Muchia, don a Samaru ba wanda ya san ta da ƙafa biyu. Wata jikar maƙwabta takan taka mata keke ita kuma tana riƙe da yadi, amma ba su daidaita ba, ta haƙura ta koma ɗinkin hannu. Takan ce babban yatsanta yana mata ƙaiƙayi, ta miƙa hannu ta sosa iska. Abin da ya fi tsaya mini a rai, in telan da ke bayan gidanmu ya fara aiki, sai in ga dungun yana motsi a ƙarƙashin zaninta, daidai da bugun kekensa, ita kuwa tana ta hira ba ta lura ba. Mai yankan katako kuma in ya kunna injinsa a bakin layi, sai ta yi shiru tsakiyar magana, ta kama hannun kujera har ya gama. Ni ma yanzu ba na iya wucewa ta layin 'yan katako. Nakan zagaya.

Duk da haka ba ta taɓa cewa ta yi nadama ba. A cikin shekarun nan ta ga auren yayana, ta ɗinka wa jaririyarsa rigar baftisma da hannu, wata guda tana yi. Kowace Kirsimeti takan sa in kai wa likitar nan cincin da ɗan yadi. Takan ce, “Yarinyar nan ba ta saki hannuna ba ko sau ɗaya.”

Zuciyar ce ta ƙarasa gajiya. A makonta na ƙarshe ba ta iya kwanciya, sai a jingine, numfashi yana yi mata wuya. Na ɗauki hutu na dawo Muchia. Ranar Alhamis da hantsi ina shafa mata mai a baya, na ga in ban faɗa yanzu ba, ba zan ƙara samun dama ba.

Na ce, “Goggo, ranar nan a asibiti, likitar ta gaya mini za ki ji ƙara. Ta ce in faɗa miki. Ni na ɓoye.”

Ta ci gaba da jan numfashi. Na zaci ba ta ji ba. Sai ta ce, “Na sani.”

Hannuna ya tsaya.

“Da safen, kafin a shiga da ni, ta zo ta zauna ta faɗa mini komai. Har zarton. Ta ce ta riga ta gaya wa 'yata, amma tana so in ji daga bakinta. Ta ce in ina so in fasa, ba wanda zai tilasta ni.”

“Kika shiga?”

“Na shiga mana. Kina tsammani don ƙaryarki na shiga? Na ga fuskarki ne. Na ce yarinyar nan ta binne uwa ɗaya.” Ta huta kaɗan. “Ba ƙarar ce ta hana ni yi miki magana ba. Ni na raine ki, amma kika ɗauka ba zan iya ɗaukar gaskiya ba. Na yi ta jira ki zo ki farke ƙaryar da kanki.”

Na kifa kaina a kafaɗarta ina kuka. Ta bar ni na ɗan lokaci, sa'an nan ta ture ni da gwiwar hannu ta ce ina danne mata numfashi, in ci gaba da shafa man, ɓangaren hagu ban taɓa ba.

Ranar Asabar da safe ta cika, tana jingine a jikina, Babana yana riƙe da hannunta. Idonta a buɗe yake. Babana ya dube ni, na dube shi, muka daɗe ba wanda ya motsa. Shekara da shekaru matar nan tana gudun a rufe mata ido. Daga ƙarshe ni na sa hannu na rufe, kuma kafin in yi sai da na sunkuya na faɗa mata a kunne abin da zan yi.

Ubangiji ya karɓi baiwarsa, ya ba ta hutun da ba tsoro a cikinsa. Mu da ta bari, ya ba mu ƙarfin faɗa wa namu gaskiya tun suna iya amsawa.